Rijiyar Malam Makau

Ranar da Mardiyya ta fara ganin Almustapha, yana tsaye cikin tafkin ƙauyensu kusa da Gummi, wando naɗe har gwiwa, yana cusa baƙar laka a kwalba. Dariya ta kusa kayar mata da tulu.

"Malam, miya za a yi da ita?"

"Gwaji za ni kai ta. Kifin tafkinga na mutuwa, ni kau aikina auna ruwa."

Daga ranar bawan Allah bai sake rasa dalilin dawowa ba. Ita ta raɗa masa Mai Laka, shi yana ce mata Tauraruwata, har maganar ta kai kunnen manya.

Sai sakamako ya fito. Takin zamanin da ruwan sama ke wankowa daga gonaki ya taru a lakar tafkin. Rijiyar gidansu Mardiyya ma ba ta tsira ba, don a bakinta mahaifinta, Malam Makau, yake wanke buhunan taki, ga turken shanu a gefe.

Saƙo ya shigo wayarta: "Tauraruwata, hankalina a tashe yake. Takin da ke ruwanku ya wuce kima, yana iya illata jariri. Dole in gaya wa Baba."

Mardiyya ta rubuta: "Don Allah Mai Laka, bari sai an sa mana rana. Saifullahi mai shagon taki kullum yana wurin Baba yana nemana."

Bai bari ba, ya je ya faɗa wa mahaifinta. Malam Makau ya saurare shi, ransa ya ɓaci.

"Rijiyad da ubana yag gina sadaka, shekara arba'in ana sha, ita ka kira guba? Tashi ka ba ni wuri. Ba ni ba ka ɗiyata!"

Mardiyya ta sha kuka, ta daina ɗaukar wayarsa. Tana sonsa, tana kuma jin haushinsa kamar ta shaƙe shi.

Ana haka yayarta Basira ta zo wankan jego. Nono ya yi mata ƙaranci, Inna ta shiga dama wa jaririn madara da ruwan rijiya. Wata safiya leɓunansa suka koma shuɗi-shuɗi, numfashi na fita da ƙyar. Nan take Mardiyya ta kira Almustapha, ta gaya masa halin da yaron yake ciki.

"Wallahi Inna na tafasa ruwan sosai!"

"Tafasawa ba ta fid da taki, ƙara mishi ƙarfi takai. Ku kai shi asibiti yanzu, ku hwaɗa ma likita zancen rijiya. Ga ni nan tahe."

Allah ya yi yaron yana da sauran kwana.

Bayan sallamarsu daga asibiti, Mardiyya ta ga mahaifinta ya ɗora kwanon rufi a bakin rijiyar da hannunsa, ya danne da duwatsu, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya aika a kira Almustapha.

"Ka san za ka rasa ta, kuma ka hwaɗi?"

"Na sani, Baba."

"Turo magabatanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Motar amarya ta iso, Malam Makau ya tare ƙofa.

"Ango ya auna ruwan gidanshi?"

"Sau biyu, Baba," in ji Mardiyya daga cikin mayafi, tana dariya tana kuka.

Ya dafa kanta. "To, Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a mai lafiya." Ya kauce daga ƙofar.