Katin Inna Mai Gawayi

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar. A gida bakinta kamar reza, amma a waje kunya gare ta.

A unguwarsu akwai wata ma'aikaciyar asibiti da ake kira Anti Mai Rakiya. Ita take nemar wa mata ranar gwajin nono. Ta samo musu mota, ta raka su har ƙofar likita. Gwajin yana gano ciwon daji tun yana ƙarami.

Ranar Litinin Anti ta zo da katuna shida.

"'Yata, raba wa matan layinku," in ji ta. "Ki ce ranar Alhamis ne, ƙarfe bakwai na safe."

Yarinyar ta raba biyar. Na shida na Inna mai gawayi ne. Inna ba ta ji sosai, kuma ba ta iya karatu ba. Sai an ɗaga mata murya. Ga shi rumfarta tana daf da inda samari suke wanke babura.

Yarinyar ta dubi samarin, ta dubi katin.

"Ni zan tsaya a titi ina ihun nono? Allah ya kiyaye!"

Ta cusa katin cikin littafin lissafi, ta koma gida. Ku ji fa! Wai ita mai kunya. Ko uffan ba ta ce wa kowa ba.

Ranar Alhamis mota ta tsaya a ƙofar gidansu. Anti ta ƙirga mata, ta ga biyar.

"Ina Inna?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ummanta ta ce, "Ke, dube ni nan. Ina katin?"

Yarinyar ta zaro shi daga littafin da ke cikin jakarta. "Kunya na ji, Umma. Samari suna wurin."

Ran Anti ya ɓaci ƙwarai.

"Kunya? Sau biyu Inna tana zuwa asibiti ita kaɗai. Aka kira sunanta, ba ta ji ba. Ta wuni a kan benci, babu wanda ya kula ta. Ciwon nan ne ya kashe yayarta. Wata uku na yi ina nemar mata wannan rana!"

Direba ya leƙo. "Minti biyar zan jira, ba ƙari."

Yarinyar ta yar da jaka, ta sheƙa da gudu. Tana isa rumfar ta buɗe murya iya ƙarfinta.

"Inna! Yau ne gwajin nono! Mota tana jira!"

Samarin suka kwashe da dariya. Inna ta ga haƙoransu a waje, ta gane. Ta ɗaga ludayin awo ta nuna su.

"Marasa kunya! Waye a cikinku bai sha nono ba?"

Ɗaya daga cikinsu ya sosa ƙeya ya ce, "Yi haƙuri, Inna. Je ki, zan tsare miki gawayin."

Yarinyar ta kama hannun Inna har mota. A ranar ta makara zuwa makaranta, malami ya sa ta sharar aji. Ba ta yi gunaguni ba.

Likita ya ga wani ɗan ƙullutu a hoton nonon Inna. Ya ce an zo da wuri. Aka yi mata aiki, Anti tana raka ta duk zuwa, har ta warke.

Ranar da Inna ta koma rumfarta, yarinyar ta je tare da Umma, ta durƙusa.

"Inna, ki yafe mini!" ta faɗa da ƙarfi.

"Na yafe, jikata."

A hanya Umma ta ce mata, "Kunya ado ce, amma ban da a kan lafiya. In aka ba ki saƙo, ki kai wa kowa. Wanda ya fi wuyar gaya wa, da shi za ki fara."