Baƙon da Ba Shi da Jam'iyya

"Haba Kafinta! Tun ɗazu nake tsaye a bakin layi!" in ji Auta, tana harararsa.

"Laifin garinku ne," ya ce. "Na tambayi mai shago hanya, ya ce in fara faɗa masa wanda zan zaɓa. Direban tasi ya sauke ni nesa don ban san ɗan takararsu ba. Ko mai sayar da ruwa sai da ya yi mini lacca!"

Ta fashe da dariya. Shi bai yi ba. Tun daga tasha yake jin kansa bare. Kowane bango hotuna, kowace rediyo gardama. A garinsu lafiyar iyalin mutum ake tambaya. A nan kuwa jam'iyyarsa.

A can ya san ta, lokacin da aka tura ta aikin asibiti, ta ɗinke masa yatsan da zarto ya yanka. Yau ya zo neman izinin mahaifinta. Ta sha gaya masa, in tsohon ya ce a'a, ba za ta tsallake maganarsa ba.

"Nawa, don Allah... duk abin da Baba ya ce, ka ce to," in ji ta.

"Ko da ba haka ba ne a zuciyata?"

Ta sunkuyar da kai.

Falon cike yake da hotunan 'yan takara, har bayan ƙofa. Baba na kishingiɗe, rediyo a kunne. Kafinta ya durƙusa ya gaishe shi. Aka ce ya zauna. Ya hango wata kujera a gefen tsohon, babu kowa a kai, ya zauna.

Kofin da Mama ta ɗauko ya tsaya a hannunta. Auta ta dafe ƙirji.

"Tashi!" in ji Baba.

Ya miƙe zumbur.

"Kujerar Yaya ce," Auta ta raɗa masa. "Tun da ya koma wancan ɓangaren Baba ya kore shi. Ba mai zama a kai."

Baba ya kashe rediyon. "Kai yaro, na wa ne kai?"

"Ni kafinta ne, Baba."

"Ba sana'arka na tambaya ba. Wace jam'iyya?"

"Ba ni da ko ɗaya."

"Babu?! Namiji har namiji?" Ya ciro wata hula mai tambari ya jefa masa. "Saka. In ka fita da ita a kanka, na ba ka Auta."

Kafinta ya dubi hular. Ya dubi Auta. Idanunta sun cika, suna roƙonsa. Abu ne mai sauƙi, ɗora tsumma a kai. Amma hannunsa ya ƙi.

"Baba, ka yi haƙuri. In na saka, na yi maka ƙarya ranar farko. Wanda ya fara da yi wa uba ƙarya, me zai hana ya yi wa 'yarsa?"

"To ga hanya nan."

"Baba!" Auta ta zube a gabansa tana kuka. "Ba zan saɓa maka ba... amma wallahi shi nake so!"

Tsohon ya kau da kai.

Mama ta ajiye kofin da ƙarfi. "Malam, ɗa ɗaya ya tafi saboda hula. Waɗannan na jikin bango, wanne ya taɓa zuwa duba ka da kake kwance? Ni dai na gaji da kuka a ɗaki."

Kafinta ya ajiye hular a kan tebur da hannu biyu. "Na bar ku lafiya," ya ce, ya fita.

Ya kusa ƙarshen layi ya ji ana kira. "Kai! Marar jam'iyya!"

Baba ne, yana dogara sanda, yana haki.

"Ka san shagon taya na bayan tasha?"

"Na wuce ta gabansa."

"Ɗana yana can." Tsohon ya dubi ƙasa. "Duk garin nan, wanda na aika wurinsa, kafin la'asar an ce na sauya sheƙa. In nasu ne ya zo mini, ɗan nawa za a ce ya sayar da kansa. Kai kaɗai ne ba na kowa ba."

"Me zan ce masa, Baba?"

Tsohon ya goge ido da bakin riga, wai ƙura ce.

"Ka ce za a aurar da ƙanwarsa. Ba na so a yi babu shi."

Kafinta ya waiwaya. Can bakin ƙofa ya hango Auta, ta toshe baki da gyale, tana kuka tana dariya.

"Tsayuwar me kake yi?" Baba ya daka masa tsawa. "Yi sauri, surukin banza, kafin in canja ra'ayi!"