Bencin Masu Zuwa Su Kaɗai

Ranar da ya fara zuwa, ita da kanta ta fitar da shi daga layi.

"Malam, ina lambarka?"

"Na gwada kama wuri a manhajarku," ya ce, yana nuna mata wayarsa. "Ta tambaye ni mutum nawa, na ce ɗaya, ta ƙi ni ƙememe."

Auta ta danne dariyarta. Aikinta ke nan a filin shaƙatawar: tsaron layin Keken Sama, babban lilon nan mai kama da ƙafar keke, wanda ake hangowa tun daga bakin titi. Mai son hawa sai ya kama wuri ta waya, a ba shi lokaci da lamba, ya je ya yi yawonsa har saƙo ya kira shi. Amma kwandunan da ake zama a ciki ba sa tashi da mutum ɗaya, don nauyi zai karkata gefe guda. Shi ya sa manhajar ba ta san ɗaya ba, daga biyu take fara ƙirga.

"Ga wurinku can," ta ce, ta nuna masa wani koren benci a jikin shinge. "Ka zauna. In wani namiji ya zo shi kaɗai, sai in haɗa ku."

"In bai zo ba fa?"

"Sai ka sha iska ka koma gida."

Ya je ya zauna, ya ɗora hannayensa a kan gwiwa kamar ɗan makarantar da aka kora daga aji. Iyalai suka yi ta wucewa, ma'aurata suka yi ta miƙa mata waya tana duba lamba tana ɗage musu sarƙar shiga. Lokaci zuwa lokaci takan ɗaga murya: "Akwai mai shi kaɗai?" Babu wanda ya amsa. Ba don babu su ba, a'a, mutum ne ba ya son ɗaga hannu a cikin taro ya shaida wa duniya cewa ba shi da kowa.

Sai da rana ta yi sanyi wani dattijo ya zo shi kaɗai, ta haɗa su. Da suka sauko, mutumin bencin ya tsaya a gabanta.

"Na gode. Daga can sama ana ganin hanyar garinmu."

Ya tafi, amma maganar ta bi ta har gida.

Gidan nasu mai ɗaki biyu ne a saman bene, ita da mahaifinta kawai. Mahaifiyarta ta rasu, yayyenta mata duk sun yi aure sun yi nisa. Baba tsohon direban jirgin ƙasa ne, mutum mai jiki da ƙarancin magana. Tana dawowa za ta tarar da shi a kujerarsa ta bakin taga, rediyo na magana, tsohon firjinsu na gurnani a kusurwa. Su ci abinci, ya tambaye ta aiki, ta ce lafiya, shi ke nan. Duk yini tana cikin dubban mutane, amma kaɗaici ne ke raka ta barci.

Mako ya zagayo, sai ga shi ya dawo. Bai ko tsaya a layi ba, ya wuce bencinsa. Haka mako na gaba, da na gabansa. Mai Burki, dattijon da ke tayar da lilon yana tsayar da shi, ya raɗa masa suna Ɗan Benci.

"Auta, mutuminki ya zo biyan haya," yakan ce. "Ni dai ban taɓa ganin mai murna in an rasa wanda za a haɗa shi da shi ba sai wannan."

Gaskiyar Mai Burki ce. In layi ya lafa, Auta takan jingina da shinge su yi hira. A nan ta ji cewa mai gyaran firji ne, aiki ya kawo shi birnin, bai san kowa ba. Ɗakinsa katifa ce da akwatin kayan aiki, ranar hutu shirun ɗakin ne ke koro shi waje.

"Ke sau nawa kika hau?" ya tambaye ta wata rana.

"Ko sau ɗaya."

"Wanzami ba ya son jarfa ke nan."

"Ba tsoro ba ne. Ranar hutuna ni ma ni kaɗai ce. Ka ga in zo in zauna a bencin da nake zaunar da mutane? Mai Burki ba zai bar ni in sha ruwa ba."

Ya yi dariya, sannan dariyar ta ɗauke. Ya dube ta, ta kawar da kai tana gyara sarƙar da ba abin da ya same ta. Ranar ya karɓi lambarta.

Saƙonsa na farko ya zo tana wanke-wanke:

"Sarauniyar Layi, barka da hutawa. Yau na gyara firjin wata mata, ta ce in sa sanyi da yawa. Na ce da ta ga wata tana cewa 'ga wurinku can', da ta san sanyi."

Ta amsa: "Ɗan Benci, ka iya zolaya. Ka ci abinci kuwa?"

"Na ci. Rabon da wani ya tambaye ni wannan, tun ina gida."

Ta daɗe tana kallon saƙon, kumfa na bushewa a hannunta. Ta san son shi ya riga ya kama ta, kuma ba ta yi wa kanta ƙarya ba.

Da magana ta yi ƙarfi, ya zo gaishe da Baba. Ya durƙusa, ya yi bayanin kansa tiryan-tiryan. Baba ya saurara, ya amsa gaisuwa, sai da baƙon ya sauka sannan ya juyo wurinta.

"Ƙato da gemunsa, ba shi da abin yi ranar hutu sai hawa lilo? Wa ya san asalinsa? Gobe ya ce zai koma garinsu, ya ɗauke ki. Ga ɗan abokina mai shagon taya nan ƙasan layi, ya daɗe yana aiko da magana."

"Baba, ba mai taya nake so ba."

"Na gama magana, Auta."

Ya ƙara muryar rediyo. Ta tsaya a bayansa tana kallon ƙeyarsa da furfura ta cinye, sai ta gane abin da bai faɗa ba. Shagon taya a ƙasan layi yake, ana ganinsa daga tagar nan. Ba lilo Baba yake ƙi ba, kujerar da za ta rage babu kowa a gefenta yake tsoro.

Ta rubuta wa Ɗan Benci da hawaye: "Baba bai yarda ba, kuma ba zan iya tsallake shi ba. Ni kaɗai ta rage masa. Don Allah ka daina zuwa benci, ganinka na ƙara min ciwo."

Amsa ta zo gajeriya: "Na ji, Sarauniya. Ba zan ƙara zama a bencin ba."

Ya kuwa cika alkawari. Makonni suka wuce kamar ruwa ya cinye shi. Koren bencin ya koma wurin ajiye jakunkuna da ɗaure igiyar takalmi. In za ta kira "Akwai mai shi kaɗai?" sai ta kawar da kai daga bencin. Mai Burki ma ya bar zolaya, abin da ya fi zolayar ciwo. A gida firjin ya daina gurnani, amma hankalinta bai kai ga tambayar dalili ba.

Wata safiya tana duba waɗanda suka kama wuri a 'yar na'urar hannunta, idonta ya sauka a kan lambar wayar da ta haddace. Ya kama wuri da yamma. Mutum biyu.

Ita ta fi kowa sanin ma'anar wannan: manhajar ta karɓe shi, ya sami na biyunsa. Ita ce ta ce ya tafi, amma ba ta zaci zai dawo da wata ba, balle ya bi ta sarƙarta.

"Ki koma tsaron layin motocin wasan yara yau," Mai Burki ya ce a hankali da ta nuna masa. "Sai a turo wata nan."

Ta girgiza kai. "A'a. Ni na kore shi, ni zan ɗage musu sarƙa."

Yinin ya yi mata tsawo. Duk mace mai kyau da ta doso layin, sai ta duba ko yana gefenta. Da lokacin ya yi ta hango shi, sanye da farar riga, yana tafiya sannu-sannu don wanda ke gefensa ba ya sauri. Mutumin mai jiki ne, yana dogara sanda, ya sa hular da ba ya sawa sai in za shi wuri mai muhimmanci.

"Baba?"

"Duba lambarmu, ki bar tare wa mutane hanya," Baba ya ce, bai kalle ta ba. "Yaron nan ya dame ni. Ya gyara firji, ya dawo ya gyara fanka, ya dawo ya gyara abin da bai lalace ba. Na ce to mu je in ga abin da ke kai babban mutum sama."

Ta ɗage sarƙar. Ɗan Benci ya wuce ta gabanta, ya ce ƙasa-ƙasa, "Benci kika hana ni, ba ki hana ni layi ba."

Ta tsaya tana bin kwandonsu da ido har ya kai ƙololuwa. A can ya tsaya cak, ya daɗe fiye da ƙa'ida. Ta juya ta dubi Mai Burki.

"Burkin ne ke son hutawa," ya ce, yana kallon wani wuri.

Da suka sauko idanun Baba sun yi ja, ya ce iska ce. Ya jawo ta gefe, daidai koren bencin, ya zauna.

"Ya nuna min hanyar garinsu, na nuna masa layin dogon da na yi rayuwata a kai. Ya ce ba zai koma ba, akwai ɗakin haya a ƙasan benenmu." Ya nisa. "Na so in riƙe ki don kada in zauna ni kaɗai, ashe ke nake zaunarwa ke kaɗai. Ki yafe min, Auta. Ya turo manyansa."

Ta durƙusa ta kifa kanta a gwiwarsa ta yi kuka, mutanen layi na kallo, ba ta damu ba.

Aka ɗaura aure bayan 'yan watanni. Yayyenta suka zo da 'ya'yansu, gidan ya cika har bene na amsawa, Mai Burki ya ci ya yi guzuri. Baba ya dafa kawunansu ya ce, "Allah Ya yi muku albarka, Ya sa kada ɗayanku ya ƙara sanin jira shi kaɗai."

Ranar hutunta ta farko bayan biki, tana shanya, saƙon manhaja ya shigo wayarta, mijinta ne ya turo mata: "An kama muku wuri a Keken Sama. Mutum uku."

Ta leƙa ta tagar ɗakinsu na ƙasa, ta ɗaga murya. "Uku? Kwandon zai karkata fa."

Daga sama Baba ya amsa, har ya riga ya sa hularsa: "Ku biyu ku zauna gefe guda. Ni kaɗai na ishe ku nauyi."