Sai Baba Ya Ɗaga Cokali

"Ungo, kai masa. Ki dinga hura kowane cokali kafin ki sa masa a baki, ba ya son zafi."

Uwargida Pyo ce ta miƙa wa Darae kwanon kunun shinkafa, ko kallonta ba ta yi ba. Ranar Lahadi ce, a gidansu Sanho da ke saman shagonsu na busasshen kifi a garin Mokpo. Sanho shi ne saurayin Darae, har an tsayar da maganar aure sai bayan bikin kaka na Chuseok. Uwargida Pyo kuwa mahaifiyarsa ce, mace mai kazar-kazar, wadda ba a taɓa jin ta ce ta gaji ba, kuma ba ta ƙaunar a ce mata ga yadda ake yi.

Tun da ɓarin jikin mijinta, Baba Nam, ya shanye a bara, ba a sake ganinsa a teburin cin abinci ba. A ƙuryar ɗaki ake ba shi a baki, ƙofa a rufe. A da babu wanda ya isa ya taɓa abinci a gidan nan sai Baba ya ɗaga cokalinsa, kamar yadda ake yi a kowane gida mai tarbiyya. Yanzu kowa na cin nasa a tsaitsaye kamar 'yan haya.

Darae ta durƙusa gaban tsohon ta gaishe shi. Ta ɗebo kunun ke nan sai ta lura da hannunsa na hagu, mai lafiyar, yana rarrafe a kan bargo yana nufo cokalin. Ta san irin wannan hannun, kullum tana ganinsa a wurin aiki. Sai kawai ta saka masa cokalin a tafi, ta mayar da hannayenta baya ta riƙe.

Cokalin farko a rigarsa ya ƙare. Na biyu ya kai haɓa. Yana cikin kokawa da na uku ƙofa ta buɗe.

"Na shiga uku! Me zan gani haka?" Uwargida Pyo ta fizge cokalin. "Ke wace irin yarinya ce? Babba na fama a gabanki, kin zauna kin naɗe hannu kina kallo!"

"Mama, shi ya so ya gwada —"

"Ya so? Da bakinsa ya gaya miki? Abin da ake koya miki ke nan a asibitin? Kin gama digiri, maimakon ki kama aiki kamar 'ya'yan mutane, kin je kin tsaya bayan wata mata kina ƙare wa marasa lafiya kallo, ba albashi ba komai!"

Ba ƙarya ta yi ba. Darae na neman shiga karatun masta ne, a fannin koya wa waɗanda ciwo ko haɗari ya naƙasa yadda za su koma yi wa kansu hidimar yau da kullum, daga saka maɓalli har riƙe cokali. Makarantar da take nema ba ta sauraron wanda bai taɓa bin ƙwararre ya ga aikin da idonsa ba. Ta sha yawo asibiti-asibiti ana sallamar ta kafin wata Malama Ryu ta yarda ta riƙa bin ta. Da safe kallo, da yamma aikin sa-kai a gidan tsofaffi. Idan ta saki wannan gurbin, to karatun ya tafi.

"Bari in gaya miki," in ji Uwargida Pyo, tana goge wa mijinta baki da ƙarfi, "surukar gidan nan hidimar wannan bawan Allah za ta yi. Ki bar zuwa asibitin nan, ki dawo ki karɓe ni. In ba haka ba, babu aure!"

Darae ta miƙe, idanunta sun cika taf, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Mama, zan yi shara, zan yi wanki, zan tsare shago duk ranar da ba ni da aiki. Amma ba zan bar asibiti ba. Kuma muddin hannun Baba na neman cokali, ni dai ba zan ba shi a baki ba."

Sai a tashar bas Sanho ya cim mata, yana haki, ko rigar aikin shagon bai cire ba.

"Haba Darae! Sori kawai za ki ce mata, shi ke nan. Ki ɗaga karatun zuwa baɗi mana, makaranta ba guduwa za ta yi ba."

"Baɗi? Yaya, kai ma ka san baɗin gidanku ba ya zuwa. Daga kunu sai wanki, daga wanki sai goyo."

"To ya kike so in yi? Uwata ce fa!"

"Ubanka ne kuma! Ka taɓa tambayar sa me yake so? Shekara guda kuna magana a kansa kamar buhun kifi."

Maganar ta dake shi. Bas ta zo, ta shige ba ta waiwayo ba. Sai da ta zauna a kujerar baya sannan ta saki kukan da take riƙewa, domin tana son Sanho so na gaske, kuma ta ga alama ta rasa shi a kan cokali guda.

Washegari ta ba Malama Ryu labari, tana jiran a ce mata ta yi daidai. Ina! Matar ta cire tabarau ta dube ta sama da ƙasa.

"Wa ya ba ki izini? Ke 'yar kallo ce tukuna. Da ya ƙware fa? Kin san yadda haɗiyarsa take?"

Kafin Darae ta buɗe baki, malamar ta ci gaba.

"Idonki ya gani daidai, wannan na yarda. Amma kin kunyata matar da ta shekara tana ɗawainiya ita kaɗai. A aikin nan ba mutum ɗaya ake jinya ba, gida ake jinya. In kina so ki taimake shi, ki sa a kawo shi."

A kawo shi? Ai nan gizo ke saƙar. Uwargida Pyo ta rantse ba za a fito da mijinta kasuwa ta gan shi yana dalalar da yawu ba, mutumin da duk layin 'yan kifi ke rusuna masa.

Lahadi na zagayowa Darae ta koma gidan. Ta durƙusa har ƙasa ta ba da haƙuri a kan gangancin da ta yi. Uwargida Pyo ta ɗauka yarinya ta sauko, ta miƙo mata kwanon kunu.

"Wannan kam a'a, Mama," Darae ta ce a hankali, ta ɗauki tsintsiya.

Haka aka yi ta yi duk tsawon damina. Ta goge daɓe, ta jera kifi, ta wanke zannuwan gado, ta sha habaici har ta ƙoshi. "Ga likitar kallo ta iso," abin da ake tarbar ta da shi ke nan. Ba ta taɓa mayar da martani ba, ba ta kuma taɓa karɓar kwanon ba. Litinin na yi kuma tana bayan Malama Ryu, hannu a baya, tana kallon wani direba da ya kwashe rabin safiya yana ɗaura igiyar takalmi. Ni dai ban san haƙuri mai taurin kai irin wannan ba.

Sanho kuwa maganar buhun kifi ta hana shi sakat. Wata rana da hantsi ya shiga ƙuryar, ya zauna daf da mahaifinsa.

"Baba, akwai inda za a koya maka ci da hannunka. Sai dai mutane za su gan ka a hanya. Kana so?"

Tsohon ya laluɓi cokalin da ke kan faranti, ya ƙwanƙwasa shi da ƙarfi, ya sake ƙwanƙwasawa, har sai da Uwargida Pyo ta rugo a guje.

"Sanho, in ka fita da shi ban yafe ba!"

"Mama, ki yi haƙuri. Shi ne babba a gidan nan, kuma ya yi magana."

Ya goya mahaifinsa ya sauko da shi bene, ido na ganin ido, kasuwa na ci. Ba wanda ya yi dariya. Tsohuwa mai sayar da ganyen teku a maƙwabta ma fitowa ta yi ta rusuna, ta ce, "Maigida, mun yi kewarka!" Uwargida Pyo na leƙe ta taga, hannu a baki.

Daga nan Malama Ryu ta karɓi aikin. Ta duba haɗiyarsa, ta sa masa cokali mai kaurin mariƙi da kwano mai kama tebur. Darae tana gefe, ba a ba ta damar taɓa komai ba, kallo dai. Wani lokacin tsohon ya yi jifa da cokalin don haushi, wani lokacin ya yi kuka. A gida kuwa Uwargida Pyo ta ci gaba da ba shi a baki, tana cewa ita ba ta ga abin da ya canja ba.

Ranar Chuseok dangi suka cika gidan. An gama gaishe da magabatan da suka rasu bisa al'ada, an shirya tebur da shinkafa sabuwa da miya da soyayyen kifi. Ƙanin Baba Nam, wanda ya zama babba a teburin tun bara, ya kai hannu zai ɗauki cokali ke nan, sai ga Sanho ya turo mahaifinsa a keken guragu har bakin tebur. Kawun ya janye hannunsa da sauri.

Baba ya kama cokalinsa mai kauri, ya ɗebo shinkafa, ta zube. Ya sake ɗebowa, hannun na karkarwa. Miya ta fara hucewa. Yara na haɗiyar yawu, amma ba wanda ya motsa, tunda babba bai ci ba.

Darae ta ga hannun Uwargida Pyo ya tashi, ya nufi cokalin kamar yadda ya saba. Sai ta runtse ido. Da ta buɗe, sai ta ga matar ta mayar da hannayenta duka biyu baya, ɗaya ya damƙe ɗaya, hawaye na zuba a kan kwalliyarta ta biki.

Cokalin ya isa baki.

Baba ya tauna, ya haɗiye, ya dubi teburin ɗaya bayan ɗaya kamar yadda yake yi a da. Idonsa ya tsaya a kan Darae. Da harshensa mai nauyi ya ce, "Surukata... ci."

Ai sai kuka ya ɓarke, har da kawu. Uwargida Pyo ta share fuska, ta cire tsokar kifi mafi kyau ta ɗora a kan shinkafar Darae.

"Yaushe ne intabiyun shiga makarantar taki?" ta tambaya, tana harararta.

"Wata mai zuwa, Mama."

"To ki ci da kyau. Kuma in suka tambaye ki me kika koya, ki ce kin koya wa wata tsohuwa mai taurin kai riƙe hannunta. Saura ki faɗi ki ba mu kunya!"

Sanho ya tuntsire da dariya, ya sha duka a kafaɗa.

An yi auren bayan bikin, makaranta kuma ta ɗauki Darae. 'Yan'uwa, darasin a fili yake: haƙuri ba ya nufin ka saki gaskiyarka don a so ka, yana nufin ka riƙe ta da ladabi har masu faɗa da kai su gan ta da idonsu. Kuma ba duk hidima ce ƙauna ba. Wani lokacin wanda ya fi son ka shi ne wanda zai iya yi maka, amma ya danne zuciyarsa ya jira ka yi da kanka. Har yau a gidan da ke saman shagon kifi miya kan huce kafin a fara ci, kuma babu mai ƙorafi.