Ƙullin Tsohuwar Kan Gangare

Ku matso, ku rage murya. Irmiya ɗan ƙanen mahaifina ne, kuma da bakinsa ya faɗa mini wannan.

Ranar Talata ce, cikin damina. Maciji ya sari 'yarsa Rifkatu a gona. Ya hau kekensa mai batir, ya haura dutse zuwa asibitin mishan, ya karɓo allura.

Sai kun gane keken tukuna. In yana gangara, injin ne ke riƙe taya, yana mayar da wuta cikin batir. Iya nauyin kaya, iya wutar da ke komawa. Amma da batir ya cika, injin sai ya saki. Irmiya ya saba da injin, har birkin hannu ya cinye bai canja ba.

Da rana tsaka ya iso bakin gangare. Fitilun da ke nuna cikar batir biyar ne, biyu ke ci. Ga wata tsohuwa tsaye, da ƙullin tsumma a hannu.

"Ɗana, rage mini hanya."

A wajenmu ba a wuce tsoho a kan dutse. Ya ɗauke ta.

Suka fara gangara. Fitila ta uku ta kama. Ba a yi nisa ba, ta huɗu. Ko buhun masara biyu bai taɓa ƙara masa fiye da ɗaya ba. Ya saci kallon ƙafarta. Kofato ne.

Ta biyar ta kama. Injin ya saki.

"Iya, don Allah ki sauka. 'Yata na jira."

"Ni ba ni da nauyi, ɗana. Ƙullin ne."

"Me ke ciki?"

"Naka ne. Riƙe maka nake zuwa ƙasa. Da kai ka ɗauko, da ba ka kai ba."

Ya matse birki. Ƙarfe ya yi ta kuka, keke na gudu. Ya rufe ido.

A bakin rafi keken ya tsaya da kansa. Babu tsohuwa. Ƙullin na nan inda ta zauna. Ya kwance. Abin wuyan Rifkatu ne, na jan dutse, wanda ya bari a wuyanta.

Daga nan ya jiyo kukan mata daga wajen gidansa. Kwalbar allurar tana aljihunsa, ko tsagewa ba ta yi ba.

Ya ce mini minti biyu ya zauna a bakin ruwan kafin ya tashi ya nufi gida.

Kada ɗayanku ya bi gangaren nan shi kaɗai da rana tsaka. Ku tashi, ku shiga ciki.