Alwalar Malam a Gidan Gona

Mu'minatu ta murɗa kan famfon da hannu biyu.

Fuuu... iska.

Ta sake murɗawa har awarwaronta ya yi ƙara. Ko ɗigo!

"Mubashshir..." ta ce. "Ina ruwan?"

Mahaifinta Malam Attahiru na tsaye bayanta, ya naɗe hannun riga, ya cire agogo, yana jiran ruwan alwala. Rana ta take tsaka. Ni kuwa Bawa, kakanta na wajen uwa, ina dafe da sandata. Na ga fari, na ga yunwa, na kwana daji shekarun gudun hijira na fito da ƙafata, amma gabana bai taɓa faɗuwa irin na ranar nan ba.

Ga yadda anka yi. Mubashshir ya koyo aikin sola a Sakkwato, ya dawo gonar ubansa can gaba da Tsamaye, ya gina ɗaki biyu tsakiyar gero. Ya nemi jikata, wadda ke karantarwa a Islamiyyar ubanta a Sabon Birni. Malam ya ce sam.

"Ɗiyata ba ta zama inda za ta ɗauki jarka a ka. Ranar da na yi alwala da ruwan famfo a gidan gonar nan, a zo mu yi magana. In ban samu ba, kada a sake tada min zancen."

Mubashshir bai yi musu ba. Ya kawo masu haƙar rijiyar burtsatse, anka zura injin jan ruwa, anka ɗora tanki bisa ƙarfe. Ni na nuna musu wurin haƙa. Wai sun ce na'urarsu ta riga ta nuna, to wa sunka iske tsaye a wurin? Farantan sola kuwa ya jera su bayan darni, inda ba inuwa, ya ja waya zuwa ɗaki, ga batir, ga ƙwan lantarki, ga fanka. Jajibirin zuwanmu ya juye tankin ya wanke shi tas don Malam ya sami ruwa mai tsabta, da nufin ranar safe ta cika shi. Da sassafe ya tafi ɗauko mu da mota.

Ga mu, ga famfo na hura iska.

Mubashshir ya ruga ɗaki, muna jin shi yana taɓe-taɓe.

"Wuta ba ta shigowa! Da safe lafiya lau na bar shi, wallahi, Allah gafarta Malam!"

"Ban ce ka rantse ba," in ji Malam, yana sauke hannun riga.

"Baba, don Allah..."

"Mu'minatu, shiga mota."

Ba ta motsa ba. Hawaye na zuba, hannunta na kan famfon.

Sai ga Inna Binta, uwar Mubashshir, ta fito da ƙwaryar fura. Bayanta Hafiza, ɗiyar ƙanenta, wadda kowa ya san tun tana ƙarama ta sa ranta ga Mubashshir. Ta sha kwalliya kamar ita anka zo gani.

"Lafiya kunka yi cirko-cirko?" in ji Inna.

"Inna, abin ya lalace."

"Wane irin lalacewa? Abin da na lulluɓe da hannuna tun fitarka?"

Mubashshir ya tsaya cak.

"Kin... mi?"

"Na rufe shi mana! Hafiza ta ce gilashi ne, ranar kaka za ta fasa shi gaban baƙi mu ji kunya. Ai ko doki ana yi masa rumfa, balle wanga abu mai daraja."

Duk munka juya ga Hafiza.

"Ni taimako na yi," ta ce, tana duban lallen hannunta.

"Taimako?" Mu'minatu ta share ido. "Ke da kullum kike cajin wayarki a ɗakin nan, ba ki san da rana yake aiki ba?"

Ba ta jira amsa ba, ta tattare hijabi ta zura bayan darni. Mubashshir ya bi ta. Na bi su, don ba a barin saurayi da budurwa su kaɗai, kuma har yau ba a haifi wanda zai tsere min ba.

Wayyo! Zana bisa zana, tabarma a sama, an ɗaure da igiyar rama, ƙulli ya fi na buhun gero. Inna ta rufe don ƙauna, amma wanga ɗauri na mai ƙeta ne.

Mu'minatu ta kama ƙullin da farce har ya yi jini.

"Bari, sanyin idona, za ki ji ciwo," in ji Mubashshir.

"In ji! In Baba ya shiga motar nan, shi ke nan, ka sani?"

"Na sani."

"Ni ba ni son gidan bene, ba ni son kowa. Nan za ni zauna, ko da jarkar ce..."

"Ba za ki ɗauki jarka ba, Mumina. Ina raye ba za ki ɗauka ba."

"Kai, ɓarawon matata!" na daka masa tsawa. "Daɗin baki zai kawo ruwa? Matsa!"

Na zaro wuƙata, sara guda igiya ta watse. Sunka yaye zana, rana ta faɗa kan gilashi. Can ƙasa munka ji injin ya ɗauka, zuuu...

"Sai ya hau tanki tukuna," in ji Mubashshir. "Da ɗan jira."

Jiran ne ba mu da shi. Da munka dawo, Malam ya tsuguna gaban wani fili mai tsabtar ƙasa, ya buɗe tafuka. Randar Inna wayam, tunda anka sa famfo wa ke zuwa ɗiba?

"Azahar ta yi," ya ce. "Za ni yi taimama. Gidan da na yi taimama kuwa, ɗiyata ba ta kwana cikinsa."

Ni surukinsa ne, in na ce ya tsaya zai tsaya. Kafin in buɗe baki, jikata ta durƙusa gabansa, kanta a ƙasa.

"Baba, a gafarce ni. Tambaya gare ni."

"Ina ji."

"Kai ka karantar da mu cewa wanda ya yanke ƙauna da ruwa shi ke taimama a farkon lokaci. Wanda ke sa ran samu kuwa, jinkirtawa yake yi zuwa ƙarshensa."

Tafukan Malam sunka tsaya a iska.

"Baba, ga ƙarar inji kana ji. Kai ka yanke ƙauna ne, ko kana sa rai?"

Inna ta aje ƙwarya.

Malam ya dubi ƙasa, ya dubi ɗiyarsa. A hankali ya janye hannu ya zauna bisa turmi.

"Hukunci hukunci ne," ya ce. "Za ni jira. Amma inuwar sandar kakanki na kai tsawonta, na tashi."

Na kafa sandata tsakar gida, don inuwarta na kai tsawonta, lokacin azahar ya fita. Kowa ya zuba mata ido. Inuwa na jan jiki, Mubashshir na kai da kawo tsakanin tanki da famfo, gumi har gwiwa. Mu'minatu ta koma ta riƙe kan famfon, leɓunanta na motsi. Hafiza ta sulale, ba wanda ya tambayi inda ta nufa.

Famfo ya yi tari.

Ya sake tari, ya tofo.

Sai shaaa!

"Baba! Baba, ruwa!"

Malam ya taso ba gaggawa. Ya tara hannu, ya duba, ya sansana, ya kurkure baki. Ya yi alwalarsa tsaf har ƙafa.

"Mubashshir."

"Na'am, Allah gafarta Malam."

"Yi alwala ka tada mana iƙama."

Munka yi salla bisa zanar nan da anka yaye. Da anka sallame, Malam ya shafa addu'a, ya juyo gare ni.

"Baba Bawa, a gaya wa magabatansa su same ni Sabon Birni. Ana gama yankan gero za a ɗaura."

Inna Binta ta rangaɗa guɗa har tsuntsaye sunka tashi daga gona. Mubashshir sai godiya yake yi yana maimaitawa. Jikata kuwa ta rufe fuska da hijabi, tana dariya tana kuka, ruwa na kwarara bisa ƙafafunta har ya yi hanya cikin gero.

Ba wanda ya ce ta rufe famfon.