Gayya Babu Giya

"Briskila! Ke Briskila! Zo ki ga abin arziki!"

Iya Lanti ce ke ƙwala kira daga tsakar gida, tana zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafarta mai ciwo. Briskila ta fito daga madafa da sauri ta durƙusa. Wata bakwai ke nan da aka kawo ta Unguwar Nomau, kusa da Ƙarfi, amaryar Habila ɗan autan Iya, kuma ba ta taɓa bari surukarta ta kira sau uku ba.

Iya ta yaye buhun da ke shimfiɗe a gefenta. Jiƙaƙƙiyar dawa ce, ta yi tsiro fari fat. Briskila ta gane giya ake nufi, don ba sai an gaya mata abin da ake yi da ita ba.

"Ranar Asabar gayya," in ji Iya. "Maganin feshin da mijinki ya kwaso a Funtua jabu ne, ga shi ciyawa na neman shaƙe masara. Maza arba'in na gayyato, ni kuma ƙafa ta hana ni tsayuwa a bakin tukunya. To ga dawa, ga tukwane. Ke fa ɗiyar Tambai ce! Duk ƙasar Gozaki wa bai san giyar uwarki ba? Kin ɗauka don kyan fuskarki na yarda da auren nan? Hannun gidanku na hango, yarinya!"

Iya Lanti Bamaguza ce ta gidi, tana nan kan al'adar iyayenta. Ba ta taɓa hana ɗanta zuwa coci ba, sai dai a wurinta gayya babu giya kamar miya ce babu gishiri.

Briskila ta sunkuyar da kai. "Iya, ki yi mini aikin gafara. Zan tuƙa tuwon mutum arba'in, in dama kunun zaƙi da tsiron nan. Amma giya kam, na yi wa Yesu alkawari."

"Yesu? Shi zai zo ya nome mana gonar?" Iya ta tafa hannu. "Ikon Allah! Na yi kiwon kaza ashe ba ta ƙwai!"

Da la'asar Habila ya dawo, ya jingine mashin ya shiga ɗaki. Saurayi ne mai sanyin hali, a ƙungiyar mawaƙan coci suka haɗu, kuma yana son matarsa, wannan kam ba shakka. Amma fa in Iya ta yi tari, shi zazzaɓi ke kama shi.

"Haba Briskila," ya ce yana riƙe hannunta, "sau ɗaya ne kawai. Ba sha za ki yi ba. Ni ma ban so, amma abincinmu na shekara ne a gonar nan. Ki dafa, ran Lahadi mu roƙi gafara. Ai Yesu mai gafara ne."

Ta zare hannunta. "Don yana gafartawa sai in riƙa tsokanarsa? Kai fa ka san komai, kai kaɗai na gaya wa!"

Ya sani kuwa. Tana da shekara goma sha huɗu uwarta ta kwanta ciwo, ita ta hau tukunya a karon farko. Giyar ta yi ƙarfi, aka yi ta yabonta. Babanta ya sha har ya wuce misali, yana ta alfahari da ɗiyarsa, a hanyar komawa gida ya faɗa tsohuwar rijiya. Shekara biyar Briskila ba ta iya kallon tafin hannunta ba tare da ta ga gawar ubanta ba. Sai ranar da aka yi mata baftisma a rafi, ta ɗaga hannuwan sama tana kuka, ta ce, "Ya Yesu, tun da ka wanke su, naka ne har abada." Daga ranar ta sami barci.

"Shi ya sauke mini kayan da ba wanda ya iya sauke mini," ta ce. "Ba ni da gona, ba ni da shanu da zan ba shi. Hannuwan nan kaɗai na ba shi, su ma in karɓe?"

Habila ya tashi ya fita. Sai ya yi wautar da za ta daɗe tana cin sa: ya je ya kwashe sirrin nan kaf ya gaya wa Iya, wai ko za ta ji tausayi.

Ranar Asabar da sassafe maza suka cika bakin gona da fartanyoyi, makaɗi na ta zuba kirari. Briskila ta iso da tuwo da manyan robobi uku. Wani dattijo ya buɗe, ya kurɓa, ya furzar.

"Kunu! Jama'a, kunu aka kawo mana! Mu masu jego ne?"

Dariya ta ɓarke. Kafin ka ce kwabo an saɓa fartanyoyi, makaɗi ma ya rataye gangarsa ya bi sahu. Mutum biyar suka rage, su ma rana na dagawa suka zame.

Iya Lanti na dogara sanda ta tare Briskila a ƙofar gida, mata da yara sun yi cirko-cirko.

"Kin kunyata ni a garin da aka haife ni! Yau ke ce mai tsarki? Ke da kika dafa wa ubanki ajalinsa da hannunki! Kin kashe na gidanku, yanzu kin zo ki kashe mu da yunwa!"

Wayyo! Briskila ta ji kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Ba Iya ta kalla ba, Habila ta kalla. Shi kuwa ya kafa wa ƙasa ido.

"Ko giya ko gidanku!" in ji Iya.

"To Iya. Allah ya huci zuciyarki."

Ta ɗaure 'yan kayanta da Littafi Mai Tsarki a zane, ta nufi gidan gwaggonta a Ƙarfi, tana tafe tana kuka. Ranar kam addu'ar ma ƙin fitowa ta yi. Da ƙyar ta iya cewa, "Ya Yesu, kana gani. Saboda kai na rasa aurena, ga zuciyata cike da ƙiyayya. Ban iya yafewa ba, sai ka koya mini."

Ran Litinin gari na wayewa ta ari fartanyar gwaggo.

"Ina za ki?"

"Gonar su Iya."

"Gonar waɗanda suka kore ki? Ke, anya kanki ɗaya?"

"Gwaggo, giya na ce ba zan dafa ba, ban ce ba zan yi noma ba. In masarar nan ta mutu, za a ce Yesu ne ya jawo. Ba zan bari a zage shi saboda ni ba."

Ta fara daga gefen yamma ita kaɗai, ciyawa har gwiwa. Can gefen gabas Habila na nasa noman, ya hango ta, amma nauyin abin da ya yi ya hana shi matsowa. Kwana uku suna haka, gona ɗaya, ba mai ce da wani sannu. Tafin hannunta ya yi bororo, ya fashe, ta naɗe da tsumma ta ci gaba.

A rana ta huɗu Malam Jibo, Musulmin da ke maƙwabtaka da gonar, ya tsaya a kan iyaka.

"Sannu da aiki, amarya. Na ji abin da ya faru. Mu ma addininmu ya hana, amma ban san ko ni zan iya abin da kika yi ba. Gobe zan zo da ƙannena. Kunun nan da aka raina, a dama mana shi."

Gwaggo ma ta kai magana wurin zumuntar mata ta coci. Washegari sai ga su da zannuwansu iri ɗaya, suna noma suna waƙa, su Malam Jibo na gefe guda suna nasu. Da azahar layin da Briskila ke nomewa ya haɗu da na Habila a tsakiyar gona. Ya ga tsumman hannunta ya rine da jini, sai ya yar da fartanya ya durƙusa a gaban mutane.

"Na ci amanarki, Briskila. Tare muke rera wa Yesu waƙa, amma da aka zo gwaji ni na fara gudu. Sori ba za ta isa ba, na sani."

"Ba za ta isa ba," ta ce, hawaye na zuba. "Ka ɗauki abin da ya fi komai yi mini ciwo ka miƙa wa wadda za ta doke ni da shi. Har yanzu yana mini zafi. Amma ni ma an yafe mini abin da ya fi wannan. Tashi, mutane na kallo."

Da yamma Habila ya ɗauko Iya a mashin, karon farko a rayuwarsa da ya ce mata "sai kin je" ba tare da muryarsa ta yi rawa ba. Tsohuwa ta dubi gona tas, ta dubi yarinyar da ta kora. Ta kama hannuwan, ta warware tsumman a hankali, ta daɗe tana kallo.

"Na zage ki da abin da ba a zagin mutum da shi," ta ce. "Ni ban san Yesun nan naki ba. Amma ko wane ne shi, ba a taɓa riƙe ni yadda kika riƙe shi ba. Mu je gida in sa miki man kaɗe."

Masara kam rabinta ya tafi, don ciyawa ta riga ta yi ɓarna. Shekarar sun sha wuya, har akuyar Briskila sai da aka kai kasuwa, kuma har gobe akwai masu ce mata "mai kunu" in ta wuce. Iya ma ba ta bi ta coci ba. Amma ba ta ƙara jiƙa dawa ta kira ta ba, kuma duk wanda ya taɓa surukarta, da sandar Iya zai gamu.

To 'yan'uwa, girmama Mai Ceto ba a waƙar Lahadi kaɗai yake ba, don baki ba ya yin bororo. Ana gane darajarsa a wurin mutum ranar da riƙe shi zai jawo hasara. Briskila ta yi haƙuri, ta rasa rabin amfanin gona, amma aurenta ya dawo, hannuwanta kuma suna nan a wurin wanda ta ba.